Yadda muka kwashe takardun makarantarmu zuwa ma'ajiyar intanet

Shekara tara ina koyar da kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Tudun Wada, Zariya, kuma ni ke riƙe da makullin ɗan ɗakin da muke ajiye sabar makaranta, wato kwamfutar da ke riƙe fayilolin kowa. Saba ce a suna, amma tsohuwar kwamfutar tebur ce da muka dasa a kusurwa, kowa yana jefa mata fayil ta waya. A cikinta sakamakon jarrabawar ɗalibai yake tun 2012, da rasitan kuɗin makaranta, da sikan ɗin takardun haihuwa, da hotunan walimar yaye ɗalibai.

Wata safiya cikin hunturu na buɗe ɗakin na ji faifan ajiyarta yana wani ƙas-ƙas kamar ana ƙyasta ashana. Na kwance murfinta, ƙura ta yi wa fankar bargo, har sai da na sa tsinke na kankare. Wanda ya san wannan ƙara ya san ajali ya kusa. A ranar na sami mai makarantar na ce, "Hajiya, in wannan faifan ya tsaya, duk yaron da ya dawo neman sakamakonsa ba mu da abin ba shi."

Ta ce, "To Malam, ina za mu kai su?"

Na yi mata bayanin kilawud, wato ka yi hayar wuri a manyan kwamfutocin wani kamfani, ka riƙa isa ga kayanka ta intanet. Tambayarta ta gaba ita ce ta fi tawa hikima: da sunan wa za a buɗe? Ni da na yi niyyar amfani da adireshin imel ɗina don sauƙi. Ta ce a'a, malamai suna zuwa suna tafiya, makaranta ce ke zama. Muka buɗe Google Workspace, tsarin kamfanin Google na hukumomi mai ma'ajiyar Google Drive a ciki, da sunan makaranta, muka sa komai a rumbun haɗaka wanda fayilolinsa na hukuma ne ba na mutum ɗaya ba, lambar tabbatar da shiga kuma tana zuwa wayarta.

Na zaci ɗorawar ce aikin. Ashe tankaɗe da rairaya ne. Gigabait 420 na tarar, kuma fiye da rabi shara ce: foldar "sakamako", da "sakamako sabo", da "sakamako na ƙarshe", duk abu ɗaya da ɗan bambancin da sai ka buɗe za ka gani, ga bidiyon bukukuwan da wani ya ɓoye, ga wa'azozi da ba na makaranta ba. Mako uku muka yi ni da jami'in jarrabawa bayan tashi, shi yana duba rajistar takarda ni ina duba allo, har muka tantance wanne ne na gaskiya. Abin da ya rage gigabait 180.

Wannan ragi ya cece mu, domin layinmu na sauke abu da sauri amma wajen ɗorawa da ƙyar yake kai megabit 5 a daƙiƙa. In ka buga lissafi, gigabait 420 zai ci kusan kwana takwas ba tsayawa, 180 kuma awa 80. Ba tsayawa kuwa a Zariya magana ce kawai. Daren farko na bar burauza tana ɗorawa na tafi gida, aka ɗauke wuta, na dawo ban san abin da ya shiga da wanda bai shiga ba. Daga nan na koma wata manhaja ta kyauta mai suna rclone, wadda in an katse ta sai ta tsallake abin da ya riga ya isa ta ci gaba. Na mayar da fayilolin kan laftof mai batir, na riƙa kunnawa bayan isha'i. Da aka gama, ita ce ta gwada kowane fayil na can da na nan ta tabbatar babu wanda ya isa a gutsure.

Takardun haihuwa da hotunan yara ban bar su a buɗe ba. Amana ce tun kafin doka, ga kuma dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta yi a 2023. Malamin aji yana ganin ajinsa kawai, akanta yana ganin rasitai.

Kuskurena ya fito bayan wata biyu. Na sa laftof ɗin sakatariya ta riƙa daidaita kanta da ma'ajiyar, ban zaunar da ita na gaya mata cewa abin da ta goge a nan ya gogu a can ba. Wuri ya cika mata, ta share foldar 2015 da 2016 da zuciya ɗaya, tana ganin ai akwai su a sama. Sai da wata tsohuwar ɗaliba ta zo neman takardar shaida don shiga Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) muka lura. Gabana ya faɗi. Allah ya taimake mu kwana 30 da Google Drive ke riƙe abu a kwandon shara bai cika ba, muka dawo da su. Laifin nawa ne, domin ban koya mata ba.

Tun ranar na rage masu ikon gogewa zuwa mutum biyu, na kuma sa Hajiya ta sayi faifan waje a Sabon Gari. Duk Juma'ar ƙarshen wata nakan sauke komai a kansa, in cire shi, in kai mata. Tana ajiye shi a gida cikin akwatin takardun filin makarantar. Tsohuwar sabar kuwa ta ƙara wata huɗu tana ƙas-ƙas, wata Litinin na danna mata maɓalli ba ta tashi ba.