Kwasakwasan PhD tsakanin fizis da kemistiri, yadda na sha da su

Da yawa in an ce PhD sai su ɗauka bincike ne tun ranar farko, ka shiga lab sai ka fito dakta. A Ingila kusan haka ne, amma a Amurka inda na yi nawa sai ka koma aji tukuna, kusan shekara biyu kana ɗaukar kwas da asaimen da jarrabawa kamar ɗan aji ɗaya, ko da kuwa da mastas ɗinka ka zo. Nawa kuma ya zo da ƙarin wahala don shirin haɗaka ne, ƙafa ɗaya a sashen fizis ɗaya a kemistiri.

A takarda abin da sauƙi. Kwasakwasan dole daga ɓangarorin biyu, sai na zaɓi da kwamitin malaman da ke kula da karatunka zai amince, sai semina. Matsakaicin makinka kada ya sauka ƙasa da 3.0 cikin 4.0, wato B, in ya sauka an saka ka a gargaɗi kuma kuɗin da ake biyanka na iya tsayawa. A makarantarmu sai da kiredit 9 a samista ake lissafa ka cikakken ɗalibi, mu masu bizar F-1 ta ɗalibai baƙi kuwa ba ma wasa da wannan. Ga koyar da 'yan digirin farko awa 20 a sati, don da shi ake biya maka kuɗin makaranta.

Abin da takarda ba ta faɗa shi ne babu wanda ya zauna ya daidaita sassan biyu. Kowanne yana tsara jadawalinsa don nasa ɗaliban, sai ka ga kwas biyu na dole sun faɗo awa ɗaya, wani kuma sai bayan shekara biyu-biyu ake bayar da shi, in ya wuce ka to jarrabawar cancantarka, wadda sai ka ci ta za ka ci gaba da PhD ɗin, ita ce ta ja baya. Ka je fizis su ce ai kai na kemistiri ne, ka je can su turo ka nan. Abin da ya cece ni shi ne tun samista ta farko na rubuta tsarin kwasakwasan shekara biyun gaba ɗaya, na bi sufabaiza da mai kula da shirin har suka sa hannu. Alƙawarin baki na farfesa ba ya tsayawa, gobe ya tafi hutun bincike wanda ya gaje shi ya ce bai san zancen ba.

Kwantum makaniks, wato ilimin yadda ƙananan abubuwa irin su atom da ilektoron ke aiki, sau biyu na yi, ɗaya a fizis ɗaya a kemistiri, da farko na ji haushi wallahi, na ce ɓata lokaci ne. Ashe ba abu ɗaya ba ne. Na fizis suna warware atom ɗin haidirojin tsaf, su yi ta lissafin juyi da daidaito, da an zo atom mai ilektoron biyu sai su fara sauri. 'Yan kemistiri daga nan nasu yake farawa, kimantawar Born da Oppenheimer ta 1927 wadda ke ɗaukar tsakiyar atom kamar a tsaye take saboda nauyinta, sai hanyoyin kimanta lissafin ilektoron masu yawa, wato Hartree-Fock da kuma DFT da ta fito daga aikin Hohenberg da Kohn a 1964 da na Kohn da Sham a 1965. Shi kansa Walter Kohn masanin fizis ne amma Nobel ɗin kemistiri ya samu a 1998, tare da John Pople wanda lissafi ya karanta. Duk lokacin da wani ya tambaye ni wai ni ɗan wane sashe ne, da su nake ba shi amsa.

Ma'aunin makamashi ma sai da ya ba ni ciwon kai, don kowane ɓangare da nasa. Safe ana magana da eV, yamma da kcal/mol, kwamfuta kuma tana fitar da Hartree. Sai da na haddace cewa 1 eV kusan 23 kcal/mol ne ko 96.5 kJ/mol, Hartree ɗaya 27.2 eV, kT, wato makamashin zafi, a zafin ɗaki kusan 25 meV (eV 0.025), sannan na fara bin semina ba tare da na ɓace a minti biyar na farko ba.

Maganar yafe kwas, in ka yi mastas a gida ka taho da cikakken manhajar kowane kwas, ba tiranskirif kawai ba, da ita suke duba ko za su ɗauke maka. An yafe min kwas ɗin lissafi, amma istatistikal makaniks, ilimin halayen tarin ƙwayoyin abu masu yawa, na ƙi neman yafiya duk da na taɓa yi, don a kansa bincikena zai tsaya kuma yana cikin jarrabawar cancanta, wadda a wurinmu dama biyu kawai ake bayarwa.

Cikin na zaɓi kuwa wanda ya fi min amfani ba ya ma cikin jerin sassan biyu, kwas ne na hanyoyin lissafi da kwamfuta a sashen lissafi, da yaren kwamfuta na Python muka yi. Sai da na rubuta takardar roƙo kafin kwamiti ya yarda a ƙirga min shi, kuma shirin kwamfutar da na rubuta a asaimen ɗin ƙarshe shi ne ya zama tushen babi na biyu na tesis ɗina.