Yadda Na Auna Zangon Haske da Na'urar Michelson

Ranar da na fara aiki da na'urar Michelson a ɗakin gwaje-gwajen fiziks, na kwashe kusan awa biyu ban ga komai a allo ba sai jajayen ɗigo biyu. Tsarin na'urar mai sauƙi ne: wani gilashi yana raba hasken leza gida biyu, kowane kashi ya bugi madubi ya dawo, sannan su sake haɗuwa. Inda igiyoyinsu suka dace haske yana ƙaruwa, inda suka saɓa kuma sai su kashe juna, a ga duhu. Wannan ne ke haifar da zobban haske da duhu a allo. Sai dai zobban ba sa fitowa sai ɗigon biyu sun hau kan juna daidai, ni kuwa ina murza sukurorin madubin da garaje, ina wuce wurin ban sani ba.

Da zobban suka bayyana, sai na koma ƙidaya. Duk lokacin da madubi ya matsa rabin zangon haske (zango shi ne tsawon igiyar haske ɗaya, daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa ta gaba), zobe ɗaya yana ɓullowa daga tsakiya ko ya nutse cikinta. Zangon jan hasken leza ta hiliyam da niyon nanomita 632.8 ne (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), don haka zobba 200 sun yi daidai da matsawar kusan milimita 0.063 kawai.

A nan ne na sha wahala. Idan na jingina da teburin, zobban sai su yi rawa. Ko numfashina ya ratsa hanyar hasken, sai su karkace, domin iska mai ɗumi tana canza saurin tafiyar haske a cikinta. Sai a lokacin na fahimci dalilin da ya sa Michelson da Morley, a gwajinsu na 1887 a Cleveland ta Amurka, suka ɗora na'urarsu a kan ƙaton dutse mai yawo a kan ruwan zaiba.

Duk da haka sakamakona na farko ya zarce ainihin adadin sosai. Laifin daga sukurun awo ne, wato wanda ke matsar da madubi yana nuna nisan da ya yi, domin idan aka juya shi baya yakan ɗan yi tafiya kafin ya kama madubin, alhali ni na riga na rubuta karatunsa. Daga nan na riƙa murza shi ta fuska ɗaya kawai, ina bari zobban su fara motsi kafin in karanta. Na maimaita ƙidayar sau biyar, hannu ɗaya a kan sukurun, ɗayan yana jan layi a takarda bayan kowane zobe 20, kuma matsakaicin da na samu ya matso kusa da nanomita 633.