Inda aka kwana kan saka inbata a 'yar tirelata

Salam 'yan uwa masu koyo irina. Sati uku kenan ina fama da haɗa wuta a 'yar tirelar nan da nake ja da mota in zan kwana a gona, ko in mun fita Yankari da yara. Inbata ce, wato na'urar da ke mayar da wutar batir ta zama irin ta gida, mai wat 1000, 12V, batir kuma 100Ah guda ɗaya. Na ƙara kuɗi na ɗauki pure sine wave, wato mai ba da wuta sumul irin ta gida, saboda wancan mai arahan fanka kuka take yi da shi dare guda.

Abin da ya ci min lokaci kebul ne. Da farko na ajiye inbatar kusa da ƙofa don in riƙa kunnawa da sauƙi, batir yana can gaba ƙarƙashin gado, na ja kebul 10mm kusan mita 3. Cajin waya da fitila lafiya lau, amma ina jona ƙaramar butar dafa ruwa mai wat 800 sai inbata ta fara ƙara ta ɗauke, na taɓa kebul ɗin na ji ya yi zafi sosai wlh gabana ya faɗi. Na sa mitar auna wuta, a kan batir 11.9V, a bakin inbata 10.6V. Wutar a hanya take zubewa kenan. Lissafin ba wuya, wat 800 a kan 12V ya haura amp 70 in ka haɗa da asarar inbatar kanta, siririn kebul ba zai ɗauka ba. Da na kankare shi da reza sai ga fari a ciki, alminiyom ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Dan Allah ku riƙa kankarewa tun a shago.

Yanzu na dawo da inbatar kusa da batir, ƙasa da mita ɗaya, da kebul ɗin walda 35mm na jan ƙarfe zalla, an matse min kawunan da injin matsewa ba buga guduma ba. Fis na amp 125 na saka a jan kebul, tazarar ɗani ɗaya daga kan batir, kar ku tsallake wannan don in kebul ya gogi bodi gobara ce. Batirin na ruwa ne yana fitar da iska mai kama wuta in yana caji, shi ya sa na raba shi da inbatar da katako na huda masa mafitar iska waje.

Tartsatsin da ake gani a jonin farko kafasito ne, wato ɗan abin da ke tara wuta a cikin inbatar, ke cika, kar ya tsorata ku, amma ku yi jonin ƙarshe a nesa da batir.

Jiya butar ta tafasa, kebul ko ɗumi bai yi ba. Saura in jona jikin inbatar da shasi, wato ƙarfen ƙasan tirelar, da waya, sai sola a rufi in kuɗi sun shigo in sha Allah.