Bidiyon da ka ɓoye yana nan yana shan megarka

Wani mai ɗaukar hoton biki a unguwar Zengu ya ba ni aikin haɗa masa shafin intanet. Allo guda yake so, da ƙananan hotuna jere a ƙasa: hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, kamun amarya, suna. Wanda ka taɓa, shi zai fito.

Na bi hanyar da na gani a wani misali: kowane bidiyo da nasa video, wato alamar HTML da ke ɗauke da bidiyo a shafi, a rufe sauran da display:none, umarnin ɓoye abu daga ido, a sa preload="auto", umarnin fara saukewa tun da wuri, don kada a jira. A kwamfuta da wifi lafiya lau. Da shafin ya shiga hannun masu salula sai ga kira: "Malam, abin nan naka ɓarawon mega ne! Ƙanwata ta kalli ɗaya, forfen ta ya ƙare."

Ashe rufewar ido kawai take tsare wa. Burauza tana nan tana jawo bidiyoyin a ɓoye, ko ba a taɓa su ba. Wanda aka tsayar ma bai daina sauka ba, domin pause() kallo yake tsayarwa. Har yanzu abin yana ba ni haushi, don wanda ya rubuta misalin bai ce uffan a kan wannan ba. Da alama bai taɓa sayen forfen jika guda yana lissafinsa ba.

Na rushe duka, na bar video ɗaya tak. In an taɓa hoto, a canza src, wato adireshin bidiyon, a kira load() ya ɗauko sabon, sannan play(). Tsohon ya yanke nan take. Mai sa adireshin a cikin alamar source maimakon src ya kula: in bai kira load() ba, ko ya canza adireshin, tsohon bidiyon ne zai ci gaba da fitowa. Na sa preload="none", na lika hoton poster mara nauyi, wanda ake gani kafin bidiyo ya fara, ba abin da ke sauka sai mutum ya nema. In an rufe allon kuma, pause(), a cire src, a sake load(). Ukun nan tare suke tafiya.

Mai hoton ya so bidiyo na gaba ya riƙa tashi da kansa. Ended, sanarwar da burauza ke bayarwa in bidiyo ya ƙare, ya gama wannan. Amma na farko ya kama da sauti da an buɗe shafi, na ce masa ya haƙura, Chrome ta toshe haka tun 2018.

Yanzu ba na miƙa aiki sai na buɗe sashen Network na Chrome, inda ake ganin duk abin da shafi ke saukewa, na rage gudun zuwa 3G, na danna hotunan da sauri kamar yaro ya samu wayar babansa. In na ga fayil biyu na MP4 suna sauka lokaci guda, aikin bai fita ɗakina ba.