Rukunin ɓerayen da aka ce in cire

Duk wanda ya yi aikin memwar, wato kundin binciken kammala karatu, a Yamai ya san nauyin sa hannun maigida, malamin da ke duba aikin. Ni dai sai gab da ranar kare aikina na ga iyakar nauyin, kuma tun da na tattara kayana daga ɗakin binciken, bari in faɗa wa na baya.

Aikina a kan kafeyin ne, sinadarin da ke cikin shayi da goro, da ƙwaƙwalwar ɓera. Ana yi wa ɓera allurar ketamin, ta toshe masu karɓar saƙon sinadarin ƙwaƙwalwa gulutamet, waɗanda ake kira NMDA, sai ya dinga zagaya keji ba hutawa, ya daina kula ɗan'uwansa. Ba wai ya kamu da ciwon taɓin hankali na sikizofireniya ba ne, ɓera ba zai ce maka yana jin muryoyi ba. Wasu alamomin kawai ake kwaikwayo. Shi kuwa kafeyin adenozin yake tarewa, wanda shi ne birkin ƙwaƙwalwa. Mai karɓarsa na A2A yana manne da D2, mai karɓar dofamin, wani sinadarin saƙo na ƙwaƙwalwa, in ka toshe na farko sai dofamin ya samu sarari. Ƙwaƙwalwar mutum ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cin kusan kashi 20 na makamashinsa, kuma Astrid Nehlig a Faransa ta daɗe da nuna cewa kafeyin yana ƙara cin sukari a wasu sassan ƙwaƙwalwar ɓera, alhali yana matse jijiyoyin jini. Buƙata ta hau, jini ya ragu. Abin da ya ja ni ke nan.

Rukuni biyu na yi. Wasu allurar kafeyin sau ɗaya, wasu kuma na zuba musu a ruwan sha kullum har makwanni. Dalilina a fili yake: wa ke shan shayi sau ɗaya a rayuwarsa? Majinyacin da ake kawowa daga Tawa, goro na kuncinsa tun safe, dare kuma yana fada ana zagaya kofi na ɗaya, na biyu, na uku. Da na yi musu ketamin, ɓerayen allura guda sun ƙara haukacewa. Na ruwan sha kuwa, ketamin ɗin bai tayar da su sosai ba. Ba ni na fara gani ba, a 2003 masu bincike a Porto Alegre ta Barazil sun ga haka da sinadarin MK-801, mai toshe NMDA kamar ketamin: yawan zirga-zirgar ya ragu, matsalar tunani kuma tana nan.

Na kai wa maigida. Ko zama bai ce in yi ba. Ya ɗora biro a kan shafin ya ja layi.

"Cire waɗannan, suna ɓata labarin."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai su suka fi kama da mutanenmu."

Ya ce, "Yaro, kana son takarda ko gardama?"

Na cire. Ina da mahaifiya da ta sayar da tumaki saboda karatun nan. Aka tafa mini, aka rubuta cewa kafeyin yana tsananta alamomi, rabin gaskiya ke nan. Abin da har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bayan ƴan watanni wani abokina ya turo mini hoton allo daga wani taron masana: zanena ne, na ɓerayen ruwan sha, har da kalar da na zaɓa. Sunan maigida a sama. Nawa ko a godiya babu. Ashe labarin bai ɓaci ba, ajiye shi aka yi.

Sauran shawarwarina kuwa ƙanana ne. Ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin aikinka ka tura wa kanka ranar da ka rubuta shi. Kada ka bar ƙwaƙwalwar da ka cire ga firiji ɗaya a watan Afrilu, wuta ba ta da alkawari. Ka auna ruwan da ɓera ya sha, don zafi na canza adadin kafeyin da ya shiga jikinsa. Kafeyin na raguwa da rabi a jinin ɓera cikin kusan awa 1, a mutum kusan awa 5, saboda haka kada ka yi saurin ɗora wannan a kan wancan. In kuma ɗan'uwanka yana shan kulozafin, maganin sikizofireniya, a gaya wa likita yawan shayinsa da tabarsa, domin hanya ɗaya suke bi a hanta.