Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kan Ruwa

Baffa Malam, Allah ya jiƙansa, kullum maganarsa sanin hali ya fi sanin kama. Shi a kan mutane yake faɗa, ni kuwa a kan kalmomin Turanci ta kama ni.

Makon jiya na tsaya inda na bar Mai Wurno, garinmu a Sudan, zuwa karatun injiniyancin ban ruwa. Tun 1990 aka mayar da karatun jami'a Larabci a Sudan, sai malami ya yi bayani da Larabci, ka je laburare ka tarar littafin kirki na Turanci ne. A gida kuma Hausa. Ƙamus ɗina har bangonsa ya cire, Inna ta ɗinke min shi da zaren buhu.

Kalmar da ta kunyata ni ita ce "hed". Na san ta tun firamare, kai ke nan. Ranar da aka kai mu madatsar Sinnar, wadda aka gama a 1925 don shayar da gonakin yankin Jazira, wani muhandis, wato injiniya, ya tambaye ni hed ɗin ruwan. Na miƙa hannu na nuna masa bakin babbar tura'a, wato hanyar ruwan da aka haƙa, inda ruwan ke farawa. Aka kwashe da dariya. Ashe tsayin ruwa ake nufi, da mita ake auna shi, shi ke ba ruwa ƙarfin turi: turin ruwa mai tsayin mita 10 kusan daidai yake da dannin da iskar duniya ke yi a kanmu. Mutumin ya ce, "Fallata, ku koma tsinkar auduga." Fallata shi ne sunan da ake kiran irinmu 'yan asalin Afirka ta Yamma a Sudan. Sunan mutumin na nan a bakina, ba zan faɗa ba.

Shi ya sa da Ummi ta zo min da aikinta na ƙididdiga kan irin dawa biyu bara tana murna, wai sakamakonta ya fito "siginifikant", na ce zauna. Ba muhimmi ake nufi ba. In da babu bambanci tsakanin irin dawan nan biyu, da wuya a ga irin wannan tazarar, ƙasa da sau ɗaya cikin 20, shi ne ake rubutawa 0.05. Tazarar tana iya zama mudu ɗaya a feddan, wato kusan eka guda, wane manomi zai canja iri don mudu? Ta ce, "Baba, ka san halinta." Ban taɓa gaya mata maganar Baffa ba.

Muhandis ɗin nan kuwa, bayan shekaru na gan shi a kasuwar Madani yana cinikin albasa. Ni na fara gaishe shi, bai gane ni ba.