Daren da Duke Ellington ya farfaɗo a Newport

Sati biyu kenan ina ta maimaita faifai ɗaya a waya, har matata ta fara cewa wai ni ba na gajiya ne. Faifan na Duke Ellington ne da ƙungiyarsa, wanda aka ɗauka kai tsaye a bikin kiɗan jaz na Newport, jihar Rhode Island a Amurka, ranar 7 ga watan Yuli 1956. Wallahi duk lokacin da na sa iyafis na kunna shi da daddare bayan yara sun yi barci sai in ji tsigar jikina na tashi.

Ga wanda bai san shi ba, Ellington makaɗin fiyano ne, haifaffen Washington a 1899, amma babban aikinsa shi ne riƙe ƙungiyar makaɗa sama da mutum goma sha biyar, masu ƙaho da saksofon da ganga, shi yana zaune gaban fiyano yana ba su hannu. To a shekarun 1950 kasuwar irin waɗannan manyan ƙungiyoyi ta faɗi, da yawa sun watse saboda ba a iya biyan mutane masu yawa haka, shi kuma ya ƙi sallamar yaransa, da kuɗin waƙoƙin da ya rubuta yake biyansu albashi. Mutane sun fara ɗaukarsa a matsayin tsohon yayi. A haka ya hau dandamali wannan daren, dare ya yi nisa har wasu 'yan kallo sun fara tafiya gida.

Sai ya ce za su yi Diminuendo and Crescendo in Blue, wasu kiɗa biyu da ya tsara tun 1937, a tsakaninsu kuma ya saki Paul Gonsalves ya busa saksofon shi kaɗai. Nan ne fa abin ya faru. Gonsalves ya yi zagaye 27 na salon kiɗan baƙaƙen Amurka da ake kira blues bai tsaya ba, minti shida da ɗoriya, ba kowa a bayansa sai Sam Woodyard a ganga da Jimmy Woode a bes (babban kayan kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya) da Duke yana ɗan dannan fiyano nan da can. In ka kasa kunne da kyau za ka ji Duke yana gurnani yana zuga shi daga baya, kamar yadda 'yan amshi ke ƙara wa mawaƙi wuta. Da farko shiru jama'a suke, sai ka fara jin hayaniya ƙasa-ƙasa tana tasowa, wata mata mai baƙar riga ta miƙe ta kama rawa, sauran mutane suka hau kan kujeru, kafin ka ce kwabo filin ya rikice. Har George Wein da ya shirya bikin ya tsorata yana neman a tsaya kada a yi tarzoma. Da sauran makaɗan suka dawo ciki sai Cat Anderson ya ɗaga ƙahonsa can sama kamar zai fasa kunne, ni nan ne nake rufe ido.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne dabarar Duke bayan nan. Bai tsaya cak ba, don ya san in ya sauka a wannan zafin ba wanda zai iya da mutanen. Sai ya kira Johnny Hodges ya yi musu kiɗa mai sanyi, I Got It Bad da Jeep's Blues, a hankali a hankali ya kwantar da su. Wannan sanin jama'a ne, ba a takarda ake koyonsa ba.

Amma akwai abin da ya ɗan ɓata min rai da na sani. Faifan farko da kamfanin Columbia ya fitar a 1956, wanda ya fi duk faifan Duke kasuwa, ba duka ne na filin ba. Wani sashe an sake ɗaukarsa a sitidiyo bayan bikin aka ɗora masa tafi na ƙarya, saboda makaɗan ba su gama ƙwarewa a sabon kiɗan da Duke da abokin aikinsa Billy Strayhorn suka tsara wa bikin ba. Shi kuma Gonsalves ashe a makirufon Muryar Amurka ya yi ta busa, ba na Columbia ba, shi ya sa a tsohon faifan sautinsa yake can nesa. Eh, wannan Muryar Amurkan dai da iyayenmu suka saba kamawa a rediyo, su ma suna wurin suna ɗauka. Shekaru sun wuce aka gano tef ɗinsu, sai a 1999 aka haɗa shi da na Columbia, ɗaya a kunnen dama ɗaya a hagu, aka fitar da daren gaba ɗayansa.

Na saurari duka biyun kuma ni na 1999 nake so, ba ko tantama. Akwai kurakurai a ciki, akwai inda busa ta ɗan kauce, kana jin surutun mutane da muryar mai gabatarwa, amma kana ji a jikinka cewa mutane ne masu gumi a tsaye, ba a goge komai ba. Tafin ƙarya kuwa da zarar ka san na ƙarya ne kunnenka ba zai sake yarda da shi ba.

Kimanin sati shida bayan wannan dare hoton Duke ya fito a bangon mujallar Time, ya kuma ci gaba da riƙe ƙungiyarsa har ya rasu a 1974. Gonsalves ma a shekarar ya rasu, kwanaki kaɗan kafin maigidansa. In za ku saurara don Allah kada ku tsallake zuwa wurin busar, ku fara tun daga inda Duke ya taɓa fiyano, kuma da iyafis, lasifikar waya ba za ta fito muku da muryarsa ta baya ba.